Farin Banzin da Hannuwan Yaya

A shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Rusayris, mazan ƙauyenmu da yawa sun yi kudu neman aikin leburanci. Maigidana bai bi su ba. Yana da shagon wanki da guga a kasuwar Rufa'a, tafiya kaɗan a kan jaki daga ƙauyenmu da ke gabas da kogi. Sana'ar a birnin Madani ya koyo ta, wurin wani Bagirike, tun yana saurayi. Mu huɗu ne manya a gidan: ni da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da yayarsa wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita Yaya nake ce mata, kamar yadda ƙanenta ke cewa.

Akwai tufafin da ruwa ke ɓatawa. Kwat ɗin ulu irin na afandiyya, wato ma'aikatan gwamnati, in ya sha ruwa da sabulu sai ya tsuke ya koma kamar na yaro. Tob na siliki, dogon mayafin nan da mata ke naɗawa, launinsa zuba yake yi. Irin waɗannan da farin banzin ake wanke su. Banzin shi ne abin da 'yan'uwanmu na yamma, can inda kakanninmu suka fito, ke kira fetur, amma wannan ba na mota ba ne. Na mota yana da launi, kuma yana barin wari a jikin tufa. Namu fari ne tas kamar ruwan randa da ya kwanta. A manyan gwangwanaye masu kusurwa huɗu yake zuwa daga Hartum, wani direban lori ke sauke mana.

In ka ɗaga gwangwaninsa cike, za ka ji bai kai na ruwa nauyi ba. In ka ɗiga shi a tafin hannu sai ka ji sanyi, kafin ka gama magana ya ɓace, ya bar fatar fari fat kamar an shafa toka. Ba ya haɗuwa da ruwa, sama yake tsayawa ya yi ta yawo. Maiƙo kuwa ba ya yi masa gardama: man girki, baƙin man tarakta, kwalta, danƙo, duk narkar da su yake yi. Amma tabon shayi ko jini ko zufa, ko ka kwana kana tsomawa yana nan. Shekaru da yawa bayan haka jikata da ta yi karatun kimiyya ta gaya mini sunansa na littafi, ban riƙe ba. Ta ce dangi ne babba da ake tacewa daga ɗanyen mai, kuma irin namu ƙwayoyin jikinsa rassa gare su kamar itace, shi ya sa ba sa riƙe juna da kyau, da sun ji iska sai su tashi. Ni dai tashin na sani.

A shago ba a taɓa buɗe gwangwanin, don dutsen guga na gawayi ne, kullum akwai garwashi. Saboda haka a gida ake wannan wankin, ƙarƙashin wata rumfa a bayan ɗakuna, nesa da madafa. Aikinmu ne mu mata, ni da Yaya. Ranar da zan fara sa hannu, maigida ya tsaya a kaina ya ce, "Wanga abu, ba ruwansa ne abin tsoro ba, numfashinsa ne. Hayaƙi sama yake yi, shi kuwa ƙasa yake bi, yana neman gangare kamar ruwa, amma ido ba ya ganinsa. In ya tarar da wuta a can nesa, zai ɗauko ta ya kawo miki har cikin daro."

Na ce, "To in ta kama, sai a zuba ruwa?"

Ya ce, "A'a. Ruwa doki ne gare shi, hawa zai yi ya zaga gida. Rufe shi ake yi, ko a binne da ƙasa."

Sauran aikin Yaya ce ta koya mini. Doguwar mace ce marar yawan magana, mai saurin hannu. Kafin ta dawo gida ta yi shekaru tana tsinkar auduga a gonakin Jazira, hayin kogi, kuma an ce ba a cika samun wadda ke riga ta cika buhu ba. Takan ɗaga tufa ga haske, ta dubi tabo, ta sansana, ta ce wannan man riɗi ne, wannan na lori ne, wannan kuwa shayi ne, a ajiye shi gefe. In tabo ɗaya ne ba ma tsoma rigar duka. Tsumma mai tsabta muke sawa a ƙasa, mu riƙa danna wani tsumman da aka jiƙa daga gefen tabon zuwa tsakiya, don kada ya bar zobe. In kuwa wanki ne gaba ɗaya, a daro muke tsomawa mu matsa a hankali. Siliki ba a cuɗa shi da ƙarfi, musamman da rani, don yakan yi ƙyas-ƙyas ya fitar da tartsatsi. Abin da ya rage a daron mukan tace da ƙyalle mu mayar a wani gwangwani daban. Gwangwanayen a wani rami muke ajiye su, an rufe da katako an ɗora dutse, saboda rana da kuma yara.

Aikin yana da wahalarsa. In iska ta tsaya, warin yakan hau kai, mutum ya ji jiri da ciwon goshi, wani lokaci har dariya ta kama shi ba dalili. Da Yaya ta ga idona ya canza sai ta ce, "Tashi ki sha iska, ƙanwata, zan ƙarasa." Hannuwanmu kuwa tsagewa suke yi, don yadda yake cinye maiƙon tufa haka yake cinye na fata. Kullum bayan aiki sai mun wanke da sabulu mun shafa man riɗi.

Mutane sun san muna da shi, sukan zo nema. Mai gyaran agogo yakan karɓi ɗan kaɗan a ƙaramar kwalba ya wanke ƙananan ƙarafunsa. Mai facin keke yana sirka danƙonsa da shi in ya yi kauri. Masu shan taba suna so a ɗiga musu a ƙyastunsu na ƙarfe. Waɗannan duk akan ba su. Waɗanda ba a ba su ba su ne mata masu neman maganin ƙwarƙwata. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa zuwa da kofi, ta ce 'yarta ba ta barci saboda susa.

Yaya ta ce, "Ƙwarƙwatar zai kashe, gaskiya ne. Sai yarinyar ta matsa kusa da murhu da jiƙaƙƙen gashi. Kawo ta nan da yamma in taje mata da mai."

Matar ta tafi da fushi, amma da yamma ta aiko yarinyar.

Abin da zan ba da labari ya faru ne da damina. Wani matashin malamin makarantar firamare a Rufa'a zai yi aure, ya kawo kwat ɗinsa baƙi na ulu, wanda man lori ya ɓata wa baya. Maigida ya taho da shi gida tare da tob biyu na siliki na wasu mutane. Kwat ɗin da sassafe muka wanke shi, ya wuni a kan igiya ya bushe sarai, ko warin babu. Bayan azahar Yaya ta tsoma tob na farko, tana cikin na biyu hadari ya taso. Ruwan ƙasarmu ba ya sallama. Iska ta fara, nan take ɗigo ya biyo ta a karkace yana shiga ƙarƙashin rumfa. Ɗigon ruwa kuwa in ya taɓa siliki yana cikin banzin, tabo yake bari.

Yaya ta ce, "Kwashe shanya, ni zan shiga da wannan."

Na ruga wurin igiya. Ita kuma ta ɗauki daron ta shiga ɗakin baƙi, wanda ba kowa a ciki. Daga baya ta gaya mini sai da ta duba: babu fitila, babu kaskon turare, babu komai. Ta ja tagar saboda feshin ruwa, ta turo ƙofa. Abin da ba ta sani ba shi ne, Inna da ta ga hadari ta ɗauko ɗan murhunta na gawayi daga madafa ta kawo barandar ɗakinta, don ta dafa jabana, kofin nan da ba ta iya ganin ruwan sama ba ta sha ba. Barandar tana kusa da ƙofar ɗakin baƙi, kuma ƙasan wurin gangare ne daga ƙofar zuwa wajen barandar, haka aka yi shi don ruwa ya riƙa fita. Ƙofar tana da rata a ƙasa, yadda kaza za ta iya cusa kai.

Na ɗan jima ina fama da igiya, don iska ta nannaɗe kayan. Ina zagayowa da su a hannu, kwat ɗin a sama, sai na ga wani siririn layin wuta mai shuɗi ya tashi daga gindin murhun Inna, ya bi ƙasa da gudu ya shige ƙarƙashin ƙofa. Ban ma samu na yi ihu ba. Na ji "bub", kamar an karkaɗe babban bargo, ƙofar ta buɗe da kanta.

Yaya tana tsaye a tsakiyar ɗakin. Daron yana ci, harshen wutar ya kusa taɓa rufin, rufin kuwa itace ne da zana. Hannuwanta biyu suna ci har gwiwar hannu, don a jiƙe suke da banzin. Ba ta fito ba. Akwai babban tiren ƙarfe jingine da bango, wanda muke kai wa baƙi abinci. Da waɗannan hannuwan ta ɗauke shi ta kifa a bakin daron ta danna. Wutar daron ta mutu. Sannan ta fito, hannuwa a sama.

Na watsar da sauran kayan, na lulluɓa mata kwat ɗin a hannuwa na rungume da ƙarfi, muka faɗi tare a cikin taɓo. Na ji zafin ta cikin ulun, sannan na ji ya lafa.

A ɗakin akwai sauran wuta a ƙasa, inda banzin ya fantsama, da tob ɗin farko da ta shigo da shi ta rataya. Wani maƙwabcinmu ya tsallako katanga da bokiti, kafin a yi magana ya watsa. Wutar ta hau kan ruwan ta gangaro waje, ta nufi ƙafafun Inna, wadda ke zaune ta kasa motsi. Yaya daga kwance ta ɗaga murya, muryar da ban taɓa ji ba: "Ƙasa! Ku zuba ƙasa! Ku janye Inna!" Mutumin ya jefar da bokitin ya ja tsohuwar gefe. Wasu maza suka iso da fartanya da kwanduna, suka yi ta kwasar jiƙaƙƙiyar ƙasa suna zubawa har komai ya mutu. Rufin bai kama ba, baƙi kawai ya yi.

Na ja Yaya zuwa ƙarƙashin indararo, na riƙe hannuwanta ruwa yana kwarara a kai. Fatar ta yi ja, wani wurin fari, ta fara tashi. Girarta da gashin goshinta sun ƙone. Ba ta yi kuka ba, haƙoranta ne kawai ke kaɗawa. Mata suka cika gidan, kowa da maganinta. Wannan ta ce a fasa ƙwai, waccan ta ce tawada, wata ta ce kashin saniya ɗanye.

Yaya ta ce, "Kar a sa mini komai. Ku naɗe da tsumma mai tsabta ku kai ni asibiti."

Aka ɗaura wa jaki amalanke, amma ko bakin ƙauye bai kai ba ƙafafun suka nutse. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa ba ta sakin abin da ta kama. Sai maza suka ɗora ta a gadon igiya suka ɗauka a kafaɗa, suna karɓeɓeniya, ni ina biye da takalma a hannu. Wani ya riga mu zuwa kasuwa ya gaya wa maigida, muka tarar da shi a ƙofar asibiti, jikinsa sharkaf. Ya dubi hannuwan da ke naɗe, ya dubi fuskarta.

Ya ce, "Yaya, mi ya sa ba ki fito ba? Ɗaki ne, a sake ginawa."

Ta ce, "In rufin ya kama, na Inna ne ke biye. Ita ba ta iya gudu."

Ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci.

Ta yi makonni a kwance a can. Wankin ciwon shi ne abu mafi tsanani, kowace safiya sai an ɓare tsumman an wanke an sake naɗewa. Likitan ya ce ruwan sanyin da aka sa da wuri ya taimaka, haka nan rashin shafa komai. Ni ke jinyarta da rana, in koma ƙauye kafin magariba saboda yara.

Washegarin gobarar maigida ya ɗauki kwat ɗin ya tafi wurin malamin. Cikinsa ya ƙone, hannu ɗaya ya yage, taɓo ya gama da sauran. Ya ce da ya shimfiɗa shi ya faɗi abin da ya faru, sai malamin ya tambaya, "Ita mai hannuwan, za ta warke?" Yadda suka ƙare maganar kwat ɗin a tsakaninsu ban sani ba, haka ma ta masu tob. Abin da na sani shi ne malamin ya yi aurensa cikin farar jallabiya da rawani. Bayan biki mahaifiyarsa ta zo asibiti da kwanon abinci, ta zauna a bakin gadon Yaya ta ce, "Allah ya ba ki lafiya. Ni dama ban so ya tsaya gaban dangi da rigar Turawa ba, na yi magana har na gaji." A ranar ne Yaya ta fara dariya tun faruwar abin.

Inna ce ba ta yi dariya ba. Ta daina dafa jabana, ta tura murhun ƙarƙashin gado. In an kawo mata daga maƙwabta sai ta ce ba ta jin sha. Ta rame, ta rage magana. Da Yaya ta dawo gida, hannuwa har yanzu a naɗe, ta lura tun ranar farko. Da la'asar ta zauna a baranda ta ce, "Inna, kofin asibiti ruwan wanki ne. Ki dafa mini naki."

Inna ta ce, "Ɗiyata, wutata ce ta ci ki."

Yaya ta ce, "Wutarki tana zaune inda kika ajiye ta. Banzin ɗina ne ya je ya same ta. Ki dafa, da citta da yawa."

Ni na jawo murhun na hura gawayi. Inna ta soya 'ya'yan kofin, ta daka, ta dafa. Da yake Yaya ba ta iya riƙe finjali, Inna ce ta kai mata baki.

Watannin da suka biyo baya ni ce hannuwan Yaya. Ni ke yi mata wanka da alwala, in taje mata kai, in ba ta abinci. Da farko ba ta so, mace ce da ba ta saba a yi mata komai ba. Takan ce, "Bari, ƙanwata, kina da yara." Sai in ce, "Buɗe baki, Yaya, miyar tana hucewa." A wannan zaman ne ta ba ni labarin aurenta da gonakin auduga da 'ya'yan da ta binne, abubuwan da duk a shekarun da muka yi gefe da gefe a bakin daro ba ta taɓa faɗa ba. Hannun hagu ya warke da tabo kawai. Na dama yatsu biyu na ƙarshe suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa, duk da man da muke shafawa muna ja kamar yadda likita ya nuna.

Ba mu bar sana'ar ba, da ita muke ci. Amma maigida ya kafa sabuwar rumfa a wajen shingen gida, a fili, ya ajiye tulin yashi da murfin ƙarfe a gefenta. Ya ce daga ranar daro ba ya sake shiga tsakanin bango huɗu, in ruwa ya sauko a rufe shi a bar shi nan, tufa ta lalace in za ta lalace. Ni na ci gaba da wankin, har zuwa lokacin da yadin nailan ya cika kasuwa, afandiyya suka koma sa tufafin da ruwa ba ya yi wa komai, gwangwanayen suka daina zuwa. Yaya kuwa ba ta sake sa hannu ba. Sabuwar fatar ba ta jure shi, ko ɗigo ya taɓa sai ta tsage.

Zama ba aiki bai karɓe ta ba. Wata safiya, bayan an yi girbin dawa, na shiga madafa na tarar da ita a tsugune gaban faifan ƙarfen da muke toya kisra, wainar nan mai faɗi marar kauri da ake ci da miya. Ta riga ta hura wuta. Tun ranar gobara ba ta matso kusa da wuta haka ba, na ga zufa tana bin wuyanta. Ta ɗebi ƙullu ta zuba, ta ɗauki ɗan ɓawon dabinon da ake shimfiɗa shi da shi, ya suɓuce daga yatsunta. Ta ɗauka ta sake, kisrar ta fito da kauri kamar tabarma. Na miƙa hannu zan karɓa.

Ta ce, "Je ki ga yaranki."

Ranar mun ci kisra mai kauri, wata ma da ƙuna, ba wanda ya bar ko gutsure. Da ta gane hannun dama ba zai yi ba, ta mayar da aikin ga na hagu, ta yi ta yi har ya saba. Kafin wata damina kisrarta ta fi tawa laushi, in ka ɗaga ta kana ganin haske ta ciki. Ta fara kaiwa kasuwar Rufa'a, tana zama a inuwar bangon shagon ƙanenta, direbobin lori da masu jiran jirgin fito suna saye. A wannan wurin ta zauna har tsufa ya hana ta hawa jaki.